Bangon Gabas na Ɗakin Inna

Yako, ƙasar Kiru
Farkon damina

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa, ya yalwata maka makwanci. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko kana raye ma ba za ka karanta ta ba, don boko ne, kai kuwa ka sha cewa rubutun da aka ɗauko harsashinsa daga hagu ba ka ga alamar zai tsaya ba. A ajin yaƙi da jahilci na ƙofar gidan dagaci na koye shi, wata biyar kawai na yi, saboda haka in layin ya karkace a yi mini haƙuri. Magana ce da ni wadda ban iya faɗa maka da baki ba, to bari in gwada da hannu.

Gida lafiya lau. Dawa ta yi kyau bara, rumbu biyu suka cika, geron gonar bakin rafi ne tsuntsu ya rage mana. Ƙanena Garba yana nan Riruwai wurin haƙar kuza, ya yi ƙiba, ya fara tafiya yana buɗe hannuwa kamar mai ɗauke da tulu biyu. Gwaggo Hari, ƙanwarka, ta dawo gidan da zama tun bayan sadakar arba'in, ita ke ɗebe wa Inna kewa. Ladi, mai ɗakina, ta sauka lafiya da sanyin nan da ya wuce, namiji, an sa masa sunanka. Jakinka yana nan, har yanzu ba ya yarda kowa ya ɗora masa mangala ta hagu.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Baba, na rushe bangonka. Bangon gabas na ɗakin Inna, daga ƙirji zuwa sama. Ni na yi, da hannuna, ba ruwa ne ya kayar da shi ba. Ina so in faɗa maka yadda aka yi tun daga farko, don akwai laifina a ciki wanda ya girmi rushewar.

Ka tuna ranin da muka gina ɗakin. Shekara talatin kana yi wa mutane soraye, daga nan har Bebeji, har Tudun Wada an zo an ɗauke ka, amma Inna tana ɗakin jinka. Sai a ranin nan ka ce lokacinta ya yi. Muka haƙo jar ƙasa mai tsakuwa daga kududdufin bayan gari, ba ta bakin ruwa ba, ta can ciki wadda diga ke tartsatsi a kanta. Muka jiƙa, muka tattake, muka watsa busasshiyar ciyawa, muka bar ta ta ruɓa. Sau uku muka koma mata. Na gaji a ta biyu na ce ai ta yi, ka dunƙula curi ɗaya ka jefa a ƙasa, ya tarwatse, ka miƙo mini hauya. A ta uku ka sake jefawa, ya baje ya zauna bai rabu ba. Haka ka koya mini kowane abu, ba da baki ba. Tubalan kuwa mako biyu suka yi a rana, kana bi kana fasa ɗaya ɗaya ka ga ko cikinsa ya bushe.

Da aka zo ɗora gini ka yi rabon da ka saba. Ni bango uku, kai na gabas. Kowa a Yako ya san ba ka barin wa kowa bangon gabas, don ta nan ruwa ke zuwa, shi ke shan duka, in ya tsaya ɗaki ya tsaya. Ban taɓa jin haushin wannan ba. Abin da na gani ne ya dame ni.

Yanar ido ta fara rufe maka gani, Baba. Ka ɓoye, mu ma muka taya ka ɓoyewa. Na ga kana laluben buta da ƙafa. Na ga kana amsa gaisuwa ba ka kama suna sai mutum ya yi magana ta biyu. To a kan gini ba ta ɓoyuwa. Kai ka nuna mini bango yana tashi ne da faɗin gindi yana tsukewa ta sama, fuskarsa ta waje tana kwantowa ciki kaɗan kaɗan. Kai ka nuna mini tubali yana zama ne a kan gindinsa mai kauri, tsininsa sama, kuma na sama yana hawa tsakanin biyu na ƙasa, ba kai a kan kai ba. Amma a sahu na uku na bangon gabas sai na ga tubalanka suna fita waje, faɗin yatsa, faɗin yatsa. Yatsa ɗaya ba komai ba ne. Yatsa ɗaya a sahu ashirin kuwa, ka fi ni sanin abin da ake kiransa.

Yaya zan yi? Ni ne ɗanka na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinka ba, ko a bakin Inna. Kai ɗin nan, haka kake kirana, ko ka ce wa Garba ya kira yayansa alhali ina tsaye a gabanka. Ban ɗauke shi ƙiyayya ba, na san kunya ce, haka aka yi maka kai ma. Amma mutumin da ba a kiran sunansa ta ina zai buɗe baki ya ce wa ubansa gininsa ya karkace? A gaban masu miƙo tubali?

Sai na sami dabara. In an kira azahar kakan sauko ka tafi masallaci, ka ɗan kishingiɗa a can kafin rana ta yi sanyi. Ni kuma in yi sallata a gindin ginin, in jira masu taya mu su watse, in je bangonka tun laka tana da danshi. In tura tubalan ciki da gindin tafin hannu, wanda ya hau kan ɗan'uwansa in gyara masa zama, in cike da laka, in shafe da yatsu huɗu yadda kake shafewa. Kwana tara ina haka. Bangon ya kai ƙirji a miƙe.

A rana ta tara ka dawo da wuri. Ban san dalili ba, na ɗauka goro ka manta. Na ji takunka na yi tsalle na koma bangona, hannuna duk ɗanyar laka. Ka zo ka tsaya, ka ɗora tafinka a gindin bangon gabas, ka ja shi sama a hankali har inda aka tsaya. Ka sake yi a wani wurin. Sannan ka tambaya, ba ka juyo ba, wa ya taɓa maka gini. Na ce ba kowa. Ka ce to.

Ƙarya na yi maka, Baba. Ita kaɗai ce na tuna na taɓa yi maka da girmana. Kuma abin da ya biyo baya ya fi ƙaryar muni: daga ranar ban sake taɓa bangon ba. Na ɗauka ka gane, ka ji zafi, kuma wannan to ɗin gargaɗi ne. Na ƙara tabbatarwa da na ga ka fara daɗewa a masallaci, wani lokaci sai dab da la'asar. Na ce fushi kake, ba ka son ganin fuskata. In zauna a gindin ɗorawa ina kallon sahun da ka ɗora da safe yana bushewa a karkace, hannuwana a cinya. Ina gani aka kai shi sama. Ina gani muka jera azara a kansa, muka shimfiɗa zana, muka zuba ƙasar rufi, muka kafa indararo. Ka yaɓe shi da kanka, ciki da waje, ka bi da ruwan makuba har ya yi duhu yana ƙyalli. Na ce a raina wataƙila kaurinsa zai riƙe shi. Na san ba haka ba ne.

Damina ɗaya ka ga Inna a cikinsa. Da ruwa ya ɗauke zazzaɓin nan ya kama ka, kwana shida, Allah ya karɓi abinsa.

Inna ta shiga takaba a ɗakin. Ana cikin yankan dawa na zagaya baya don in duba yaɓe, kamar yadda ka saba zagayawa kowace kaka, sai na ga tsaga a kusurwar da bangon gabas ya haɗu da na kudu. Ka koya mini tsaga iri biyu ce. Akwai ta yaɓe, siririya, mai rassa kamar busasshen tabki, wannan a kankare a sake yaɓawa shi ke nan. Akwai kuma wadda ta miƙe, ƙasanta a tsuke samanta a buɗe. Wannan ba fata ba ce, bangon ne ke tafiya. Tamu ta biyun ce. Ta faro daidai ƙirjina, inda na cire hannu.

Na yi mata gwajinka. Na dunƙula laka kamar ƙwan kaza na manna a kan tsagar, rabi nan rabi can, na bar ta ta bushe. Kwana goma na koma, ta rabe biyu. Na sake manna wata, ita ma ta rabe. Na ɗaura dutse a igiya na sako daga saman bango, dutsen ya tsaya nesa da gindi da faɗin tafin hannu, ta waje. Ranar da Inna ta fita wanka na roƙi Gwaggo ta bar ni in shiga, na taka turmi na sa hannu inda azara ta shiga bango. Mun zaunar da kawunansu kusan rabin kamu. Yanzu yatsa huɗu ya rage. In bangon ya ƙara matsawa, ko ya sha ruwa ya yi laushi, azara za ta zame, ƙasar rufin nan duka ta sauko. Gadon Inna kuwa a jikin bangon yake, nan ka sa aka kafa mata shi.

Ba a tayar da mai takaba daga ɗakinta don tsagar da ba a ganin ruwa a bayanta, rani ne, na san bangon zai jira. Na yi amfani da watannin na buga sababbin tubala ɗari huɗu a bayan gida. Duk wanda ya tambaya in ce rumbu nake so in ƙara. Wannan ba na lissafa ta cikin ƙarya, don na ƙara rumbun daga baya da ragowar.

Da ta fita takaba na aika Gwaggo ta faɗa mata. Ka san yadda muke da Inna, ba ta yi mini magana kai tsaye, sai ta faɗa wa wani ina ji. Gwaggo ta shiga, na tsaya a tsakar gida. Na ji Inna ta ce a faɗa wa wancan, bango uku nasa ne, ya rushe su in ya ga dama, amma na gabas na mai gidan ne, shi kaɗai ya rage mata da hannunsa a jiki. Ta ce shatin yatsunka yana nan a yaɓen, kullum da shi take buɗe ido. Ta ce shekara talatin ba a taɓa cewa gininka ya faɗi ba, ba a gidanka za a fara ba, kuma ba ɗanka zai fara faɗa ba. Gwaggo ta fito ta ce mini, sarkin shiru, yau ka yi magana an mayar maka da ita, sai ka koma ka ci gaba da kallo.

Ana haka Garba ya zo hutu daga Riruwai da rabin buhun siminti a kan jaki. Ya ji labari ya yi dariya. Wai ni da kai mun auri laka, shi kuwa ya ga duniya. Wai gidajen Turawan kuza ruwa yana dukansu dare da rana ko gezau, don wannan garin tokar ne a jikinsu. Wai Yaya ya huta, yau za a ga aikin zamani. Na ce masa siminti da dutse yake shiri, da bulo, ba da ƙasa ba. Ƙasa tana shan ruwa tana fitarwa, tana kumbura tana komawa, shi kuwa ƙafe yake, ba za su tafi tare ba. In ruwa ya sami ƙofa ya shiga bayansa ba ya fita, sai bango ya ruɓe a ɓoye, gara ta samu inuwa. Kuma ko da zai kama, tsagar nan ba rami ba ne da za a toshe, bango ne ke tafiya. Ya ce wata biyar na yi a aji na zama injiniya. Inna ta ce a bar yaro ya gwada, tunda shi ba rushewa ya zo yi ba.

Na bar shi. Har yashi na ɗebo masa daga rafi, don in za a yi a yi daidai, kada a ce ni na ɓata. Ya cika tsagar, ya shafe kusurwar fes, ta yi fari kamar ofishin En'e. Maƙwabta suka shigo kallo. Ya koma Riruwai yana cewa in an ga wata tsagar a aika masa.

Mako uku. Wata safiya na zagaya na ga zare baƙi ya ratsa simintin, daidai inda tsohuwar take. Na ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya amsa kamar ƙwarya. Na sa farce a gefe, ɓawo ya ɓalle kamar tafin hannu, bayansa ƙasa ce tana zuba. Na shiga na taɓa azara, yatsa uku. Zafi ya riga ya tsananta, ɗorawa ta zubar da tutu, jan furen nan nata, gajimare ya fara leƙowa ta kudu da yamma. Na lissafa: sauke rufi kwana biyu, rushewa ɗaya, ɗora sahu goma sha huɗu ba a wuce biyu a rana don kowanne ya sha iska, ga mayar da azara, ga rufi, ga yaɓe. In ban fara a makon ba ruwa zai same mu da ɗaki a buɗe, in ban fara ba sam zai same ta a ƙarƙashinsa.

Na ga ba abin da zai fito da Inna sai gaskiya, don ita tana kare sunanka ne. Sai na je na durƙusa a ƙofar ɗakin da hantsi, Gwaggo tana kaɗi a bakin ƙofa, Inna tana ciki. Na ce Gwaggo, ina da magana, ki ji. Na faɗa mata duka, da ƙarfin da za a ji a ciki. Idonka, da yatsa ɗaya ɗaya, da kwana tara, da tambayarka, da ba kowa da na ce. Na ce bangon bai karkace don Baba bai iya ba, ya karkace don ni na gani na yi shiru. In za a ce wani ya yi kuskure a ce ni ne. Amma in ya faɗo mata, ban san inda zan sa kaina ba.

Gwaggo ta ajiye mazari. Can Inna ta ce, Hari, tambaye shi, wai daga ranar bai ƙara gyarawa ba? Na ce ban ƙara ba. Ta yi salati a hankali. Sannan ta ba Gwaggo labari, ina durƙushe ina ji.

Ta ce ranar nan ka shigo gida ka nemi ruwa, kana sha kana dariya kai kaɗai. Ka ce mata wancan ɗin nan kwana tara yana bin bayanka yana miƙe maka gini, ya ɗauka ba ka sani ba, ya manta ido ne ya tafi, tafin hannu yana nan. Ka ce tun rana ta biyu ka gane, don yatsuna sun fi naka tsawo, shatin ba ɗaya ba ne. Ka ce ka tambaye ni ne don in ce ni ne, ka sauka ka ba ni bangon gabas a gaban mutane. Da na ce ba kowa, sai ka ga asirinka nake so in rufa, ka ce to, tunda haka yaron yake so a bar shi a haka. Ka ce mata yanzu hankalinka ya kwanta, ka ɗora yadda ka iya, akwai mai bi. Ta ce shi ya sa ka koma daɗewa a masallaci. Lokaci kake ba ni. Kuma ka daina shafa bangon don kada ka sake kama ni in ji kunya.

Baba, ashe kana can kana jan carbi kana ba ni lokaci, ni ina gindin ɗorawa ina jiran ka huce? Tsakaninmu bai fi taku ɗari biyu ba. Me ya hana ka ce mini ci gaba? Me ya hana ni ce maka ni ne? Kalma biyu ce. Na juya ta a raina ya fi sau ɗari tun daga ranar, ba ta da nauyin tubali ɗaya. Kuma da ka hau saman bangon kana karɓar tubali, ba ka taɓa jin ya fita ba ko sau ɗaya? Ko ka ji ka ce zan gyara? Wannan ba ni da mai amsa mini.

Inna ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce na yi laifi ba. Ta ce wa Gwaggo ta taya ta fitar da gado.

Washegari muka fara, ni da mutum uku daga cikin waɗanda suka saba yi maka aiki. Muka kwashe ƙasar rufi, muka ɗage zana, muka sauke azara muka jingine a inuwa. Ko ɗaya gara ba ta taɓa ba, giginyar da ka zaɓa ce. Bangon kuwa ban bar kowa ya sa masa diga ba. Na hau na bi shi sahu sahu da hannu da ƙaramar hauya, yadda aka ɗora haka na sauke. Na so in yanko wa Inna yaɓen ciki inda shatin yatsunka ya fi fitowa, na bi gefensa da wuƙa a hankali, amma ya ruguje a hannuna. Yaɓe ba ya rayuwa in ba bango. Da na iso ƙirji na saki igiya da dutse, ta kwanta a jikinsa tun daga sama har ƙasa. Na tsaya a nan. Wannan ban taɓa shi ba, namu ne mu biyu.

Ƙasar da na sauke ban zubar da ko kwando ɗaya ba. Kai ka ce tsohuwar ƙasar gini ta fi sabuwa, ta riga ta ruɓa, ta san aikin. Na farfasa tubalanka da yaɓenka, na tsince ɓawon simintin Garba na ware, na jiƙa, na tattake, na ƙara ciyawa. Da ita na kama sababbin tubalan, da ita na yi yaɓe. Kafin in ɗora sahun farko na jiƙa kan tsohon bangon sosai, na kakkafta shi don sabo ya sami abin kamawa. A kusurwoyi biyu na fafe bangon kudu da na arewa kamar haƙora, na saƙa sabon a ciki, na kwantar da guntayen azara a kowane sahu na huɗu suna ratsa kusurwar, don in ɗaya zai tafi sai ya ja ɗan'uwansa. Kowane sahu na sake masa igiya kafin in sauko. Da azahar nakan tafi masallaci tare da mutane, ba mai bin bayana, saboda haka sai na bi da kaina.

Azara ta koma, rabin kamu cikin bango. Indararon gabas na ƙara masa tsawo, don na lura tsohon yana zubar da ruwa kusa da gindi, na kuma tara duwatsu inda ruwan ke sauka. Ragowar simintin Garba na ɗaure duwatsun bakin rijiya da shi, a nan ya kama kamar ƙarfe. Na aika masa ya sani kayansa sun yi amfani. Ya aiko wai da ma ya san rijiyar ya kawo wa.

Makuba ta bushe da kwana huɗu aka yi ruwan fari, jiya da la'asar, da iska, daga gabas. Na tsaya a bayan ɗakin da buhu a ka har ya ɗauke. Yau da safe na duba sabon curin lakar gwaji da na manna a kusurwa, yana nan ɗaya. Zan ci gaba da dubawa har kaka, don ruwa ɗaya ba ya shaidar gini.

Inna ta koma ɗakinta, gadon yana inda ka sa shi. Gwaggo ta ce ta gan ta tana shafa bangon, ta fara daga ƙasa ta yi sama, ta tsaya a inda aka haɗa. Wai ta ce yatsun sun yi tsawo, amma ƙasar ita ce.

Saura abu ɗaya. Yaron nan na Ladi, ga shi ɗan fari ga shi da sunanka. Ran suna liman ya faɗa, kowa ya maimaita, ban da ni. Abba ake ce masa, ni ko wannan ban iya ba tukuna, na ji kaina ina ce wa Ladi ɗauki wannan ɗin nan yana kuka. Yanzu na san ba a sa wa mutum kunya, tana zuwa ne da kanta. Ba zan ce zan fi ka ba. Amma in Allah ya raya shi ya kama sana'ar, ranar da na ji yatsunsa a kan ginina ba zan tambayi wa ya taɓa ba. Zan sauko in miƙa masa igiyar.

Ka yafe mini ƙaryar. Allah ya jiƙanka, ya kai haske kabarinka, ya haɗa mu a inda gini ba ya tsagewa. Tambayar da ka yi mini a gindin bangon, ga amsarta, ko da ta makara.

Ni ne,
ɗanka na fari,
Isiyaku